Yadda Ake Nazarin Jigon Lokaci, Gani da Gaskiya a Labarin Gadar Rafin Mujiya

Gajeren labarin nan na marubucin Amurka Ambrose Bierce mai suna An Occurrence at Owl Creek Bridge, wato abin da ya faru a gadar Rafin Mujiya, bai cika kalmomi dubu huɗu ba. Cikin minti ashirin mai karatu ya gama shi. Amma duk gajartarsa yana kayar da ɗalibai a wajen sharhi, kuma kusan a rami ɗaya suke faɗawa: ƙarshen labarin yakan girgiza su, sai su rubuta shafi uku a kan girgizar, su manta da yadda aka gina ta. Abin da ke tafe hanya ce ta kwance ginin tubali bayan tubali, har ka iya nuna wa kowa da hujja inda lokaci ya miƙe, inda gani ya karkace, da inda gaskiya ta yi ta leƙowa ba a kula ta ba.

Ka tanadi kwafin da za ka iya yi wa zane, biro kala uku, da farar takarda guda biyu. Labarin tsoho ne, ana samunsa kyauta a intanet. Ka buga shi a takarda, domin aikin nan ba ya yiwuwa sosai a fuskar waya.

Mataki na 1: Karatun farko, ba biro a hannu

In ba ka taɓa karanta labarin ba, ajiye wannan rubutu yanzu, je ka karanta shi a zama ɗaya. Kada ka tsaya duba ƙamus sai in kalma ta tare maka hanya gaba ɗaya. Da ka kai ƙarshe, ɗauki takarda ka amsa tambaya biyu kafin abin ya huce: a daidai wane wuri na yarda cewa mutumin nan ya tsira? A wane wuri na fara shakka, in ma na yi?

Kada ka raina wannan amsa. Labarin ba Peyton Farquhar, mutumin da aka kawo gadar don a rataye shi, kaɗai yake gwadawa ba, har da kai mai karatu. Karatun farko sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma shi ne shaidar yadda dabarar ta yi aiki a kanka.

Mataki na 2: San yaƙin da marubucin daidai gwargwado

Ba ka bukatar tarihin yaƙin basasar Amurka gaba ɗayansa. Ga abin da ba makawa sai ka sani. An yi yaƙin daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa masu son ƙasa ta zauna ɗaya, da jihohin Kudu da suka ɓalle, waɗanda arzikinsu ya dogara da aikin bayi. Sojan Arewa shuɗin kaki suke sawa, na Kudu ruwan toka. Riƙe wannan launi da kyau, zai dawo. Layin dogo shi ne jijiyar yaƙin, ta nan abinci da makamai da sojoji suke bi, shi ya sa ƙona gada babban laifi ne. Labarin ya ambaci faɗuwar garin Corinth, mahaɗar layin dogo a jihar Mississippi, wanda sojan Arewa suka shiga a ƙarshen watan Mayun 1862. Ke nan abin ya faru bayan wannan, a arewacin jihar Alabama.

Shi kuwa Bierce an haife shi a jihar Ohio a 1842. Ya shiga sojan Arewa a 1861, ya halarci ƙazamin yaƙin Shiloh a watan Afrilun 1862, kuma akwai wani rafi mai suna Owl Creek a gefen wannan fagen daga, a jihar Tennessee. Daga baya aikinsa a soja shi ne zana taswirar fagen yaƙi. A watan Yunin 1864 harsashi ya same shi a ka a yaƙin Kennesaw Mountain, ya sha da kyar. Labarin ya fara fitowa a jaridar San Francisco Examiner a watan Yulin 1890, wato shekara 25 bayan an ajiye makamai.

Abu biyu ne daga tarihinsa za su yi maka amfani. Na farko, mai zanen taswira ne, ya san nisa, ya san abin da ido zai iya hangowa daga ina. In ka ga an hango abin da ba ya hanguwa a labarinsa, ba kuskure ba ne, da gangan ya yi. Na biyu, ya san yadda mutum yake ji in mutuwa ta shafa kansa ta wuce. Sauran tarihinsa, har da ɓacewarsa a ƙasar Meziko wajen ƙarshen 1913, yana da daɗin ji amma ba ya buɗe ko jimla ɗaya ta labarin. Kada ya ci maka fiye da layi biyu.

Mataki na 3: Jera abubuwa yadda suka faru, sannan yadda aka faɗe su

Raba farar takarda gida biyu. A dama rubuta abubuwan bisa tsarin faruwarsu: Farquhar, mai gandu da bayi, yana zaune da matarsa a kan benci a bakin gidansa da yamma, wani soja mai kaki ruwan toka ya zo a kan doki ya roƙi ruwa, ya ba shi labarin gadar da ke kimanin mil 30 daga nan, da tarkacen itace da ambaliyar bara ta tara a gindinta, sun bushe, ashana ɗaya ta ishe su, ya kuma gaya masa an ba da sanarwa duk farar hular da aka kama yana taɓa layin dogo za a rataye shi nan take, bayan duhu ya yi sojan ya koma ta arewa, ashe ɗan leƙen asirin Arewa ne, Farquhar ya tafi, an kama shi, an tsayar da shi a gada, an sako shi da igiya a wuya, ya mutu.

A hagu rubuta yadda marubuci ya jera su. Kashi na ɗaya: a kan gada, igiya a wuya. Kashi na biyu: waiwaye zuwa ranar da baƙon ya zo. Kashi na uku: faɗowa, tsinkewar igiya, iyo, gudu a daji, isa gida, sannan jimlar ƙarshe.

Yanzu kwatanta. Za ka ga abu biyu. Na farko, tafiyar Farquhar zuwa gada da kama shi ba su cikin labarin sam, kai ne ka cike gurbin da kanka. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi: an sa waiwayen a daidai lokacin da saje ya ɗaga ƙafarsa daga kan katakon da Farquhar yake tsaye a kai. An bar mutum a tsakanin sama da ƙasa an tafi ba ka tarihinsa. Wannan waiwaye aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana ba mutumin suna da mata da gida, domin a kashi na ɗaya ko sunansa ba a faɗa ba, har ka fara jin tausayinsa. Yana kuma karya maka ƙidayar lokaci: kafin ka dawo gadar ka riga ka manta cewa daƙiƙa ɗaya ce tak ta rage masa.

Mataki na 4: Auna agogo uku

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. A labarin akwai agogo uku da ke tafiya daban-daban: agogon duniya, agogon zuciyar Farquhar, da agogon shafi, wato yawan kalmomin da aka kashe wa kowane abu. Masanin adabi ɗan ƙasar Faransa Gérard Genette ya shimfiɗa wannan bambanci tsakanin lokacin abin da ya faru da lokacin ba da labarinsa a 1972, amma ko ba ka karanta shi ba za ka iya yin awon da hannunka.

Fara da agogon duniya. Labarin ya ce ruwa yana ƙafa 20 ƙasa da gadar, wato kusan mita 6. Ya kuma ce sagwangwamin igiyar ya sauko har gwiwar mutumin. Ka ƙaddara tazarar faɗowa kafin igiya ta ɗame mita biyu ce. Abin da aka saki daga sama yana cin mita biyu cikin kusan kashi shida cikin goma na daƙiƙa. Ko da ruwan ya faɗa kai tsaye, mita shida daƙiƙa ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Rubuta wannan a takardarka.

Sai agogon zuciya. Ƙirga abin da Farquhar ya rayu a kashi na uku: nutsewa, kwance hannu, iyo, harbin bindiga, harbin igwa, yini cur yana tafiya a daji, dare guda a kan hanya, sannan safiya a ƙofar gidansa. Kusan awa 24 ke nan.

Sai agogon shafi. Ƙirga layukan kowane kashi. Za ka tarar kashi na uku ya cinye fiye da rabin labarin, alhali kwanakin da ke tsakanin zuwan baƙon da ranar rataya ba su sami ko layi ɗaya ba.

Jera lambobin uku kusa da juna: daƙiƙa ɗaya ko makamanciyarta, awa 24, rabin labari. Wannan jeri kaɗai ya fi jimla goma masu cewa "marubucin ya yi wasa da lokaci".

Amma kada ka tsaya nan, domin miƙewar lokaci ba a kashi na uku ta fara ba. Koma ƙarshen kashi na ɗaya ka karanta a hankali. Mai ba da labari ya ce ruwan yana gudu kamar mahaukaci. A jimla ta gaba Farquhar ya hango wani guntun itace yana rawa a kan ruwan, sai ya ga kamar da kyar yake motsi, har ya yi mamakin nawar rafin. Ruwa ɗaya, jimla biyu maƙwabtan juna, gudu biyu. Daga nan ya rufe ido don ya tuna matarsa da 'ya'yansa, sai wani ƙara ya dame shi, kamar ana dukan uwar maƙera da masaba. Bai san ko nesa ne ko kusa ba. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi ta ƙaruwa, ƙarar kuma tana ƙara kaifi har tana soka masa kunne kamar wuƙa. Ashe agogon aljihunsa ne. Agogo ba ya rage gudu don an sa wa mai shi igiya. Marubucin ya koya maka dokar labarin a fili tun kafin ya yi amfani da ita: a kan wannan mutum, daƙiƙa tana iya buɗewa ta zama fili.

Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan saɓani ta ɗaya fuskar. Ashabul Kahfi sun kwanta shekara 309, da suka farka suka ce yini ɗaya ne ko sashen yini. A can dogon zamani ne ya taƙaita a zuciya, a nan ƙiftawar ido ce ta yi tsawon yini da dare.

In kana son ƙarin madogara daga wajen adabi, akwai biyu masu inganci. A shekarar 1890 da labarin ya fito, William James ya wallafa babban littafinsa na ilimin halayyar ɗan Adam, inda ya kamanta tunani da ruwa mai gudu. Kada ka ce ɗayansu ya kwaikwayi ɗaya, ka ce dai tambayar tana yawo a zamanin. Na biyu, a 2007 masanin ƙwaƙwalwa David Eagleman da abokan aikinsa sun sako mutane daga tazarar mita 31 suka faɗa cikin raga. Mutanen sun ƙiyasta faɗowarsu ta fi ta waɗanda suka kalla tsawon lokaci da kusan kashi 36 cikin ɗari, amma idonsu bai ƙara saurin gani ba a lokacin faɗowar. Wato tsoro yana miƙar da lokaci, sai dai kashi 36 ina, yini da dare ina. Bierce ya ɗauki abu na gaskiya ya kambama shi. Faɗi haka a sharhinka, kada ka ce kimiyya ta tabbatar da labarin.

Wata gardama da za ka ci karo da ita: shin mafarkin duka a cikin faɗowa ya auku, kafin wuya ya karye, ko kuwa bayan igiya ta ɗame yana shure-shure? Masu ra'ayi na farko suna kafa hujja da bugun da ya ji a ƙeya a ƙarshe, da karyayyen wuyan da jimlar ƙarshe ta ambata. Masu na biyu suna nuna lilon da ya ji yana yi tun farkon kashi na uku, da kumburin harshe da ido. Kowanne yana da madafa a cikin matanin. Zaɓi ɗaya, kawo hujjarka, ka ambaci ɗayan.

Mataki na 5: Da idon wa ake gani?

Ɗauko birukanka uku. Shuɗi ga duk jimlar da wani mai kallo daga waje zai iya tabbatarwa. Ja ga abin da Farquhar kaɗai ya ji ko ya gani. Kore ga inda mai ba da labari ya sako bakinsa ya yi hukunci.

Za ka ga farkon kashi na ɗaya shuɗi ne zalla, kamar rahoton soja: kurata biyu, saje, kyaftin, mai gadi a kowane bakin gada, laftanan da rundunarsa a gaɓa, igwa ta tagulla tana leƙowa daga shingen gungume. Har yadda katakon ya hau kan gungumen layin dogo uku an faɗa, da yadda nauyin kyaftin ya danne shi, sannan nauyin saje. Mai ba da labarin ma yi yake kamar bai san kowa ba: mutumin da alama shekararsa 35, in an bi ta tufafinsa mai gandu ne, sajen wataƙila ɗan doka ne kafin yaƙi. Wannan sanyin murya shi ne jarin da marubucin yake tarawa. Ka ga mutum bai ƙara gishiri ba a shafin farko, sai ka yarda da shi har ƙarshe.

Nemo daidai jimlar da shuɗi ya koma ja. Tana wajen da mutumin ya dubi katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya kai ido kan ruwa. Yi mata alama babba. Daga nan aka shigar da kai cikin kansa ba sallama, kuma muryar ba ta sauya ba, har yanzu "ya yi", "ya gani" ake cewa. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa Farquhar ne yake ba da labarin. Kuskure ne. Mai ba da labari daban ne, aron idonsa kawai ya yi.

A kashi na uku kusan komai ja ne, ban da rabin jimlar farko da jimlar ƙarshe. Dubi takardarka daga nesa: shuɗi a sama, jan kogi a tsakiya, shuɗin layi ɗaya a ƙasa.

Mataki na 6: Farautar alamu a karatu na biyu

Yanzu sake karanta kashi na uku, ka tattara alamu gida uku.

Gida na farko, abin da ba zai yiwu ba. Mutum ya fito daga ƙarƙashin ruwa da wuya a shaƙe, sai ga shi yana ganin jijiyoyin kowane ganye a gaɓa, da ƙwarin da ke kansu, da gizo-gizo yana saƙa daga reshe zuwa reshe, da launukan bakan gizo a cikin raɓa. Yana jin motsin ƙafafun ƙwarin ruwa kamar ana tuƙa kwale-kwale. Sojojin da ke kan gada an ce inuwarsu kawai yake gani a jikin sararin sama, amma nan take ya hango ƙwayar idon mai harbinsa ta cikin saitin bindiga, har ya gane launinta ruwan toka ne. Koma kashi na ɗaya ka duba launin idon Farquhar kansa. Ruwan toka ne mai duhu. Kakin baƙon da ya yaudare shi ma ruwan toka ne.

Gida na biyu, ciwon jiki na gaskiya da ke kutsowa cikin mafarki. Wannan shi ne mafi daraja, kuma nan gwanintar marubucin take. Ga kowane abin da Farquhar ya ji, rubuta bayanin da zuciyarsa ta ba shi, sannan ka rubuta abin da ke faruwa da jikin da ke rataye. Harsashi ya maƙale tsakanin wuyan rigarsa da wuyansa, yana da zafi: igiya ce. Ruwa ya kama shi yana juya shi har komai ya zama zane-zanen launi: jiki ne ke juyawa a bakin igiya. Da dare wuyansa ya kumbura, ya san akwai baƙin zobe a wurin. Idonsa ya cika har ba ya rufuwa. Harshensa ya kumbura, zuciya ta ce ƙishirwa ce, ya zaro shi tsakanin haƙora don iska ta sanyaya shi. Ciyawar hanya ta yi laushi har ba ya jin ƙasa a tafin ƙafarsa. Tsaya a kan wannan jimla ta ƙarshe. Ba ya jin ƙasa domin babu ƙasa. An siffanta maka ratayayye tun daga ido har ƙafa, kai kuma kana ganin matafiyi ya gaji.

Gida na uku, kalmomin shakka: kamar, da alama, ya zaci, wataƙila, tabbas dai. Ƙirga su. Jimlar farko ta kashin ma cewa ta yi ya suma, ya zama tamkar wanda ya riga ya mutu. Farkawarsa kuma an ce bayan zamunna ne, a ganinsa.

Akwai alama ɗaya da ta fi sauran girma. Kafin saje ya matsa, Farquhar ya yi wani tunani: da zan kwance hannuna, in cire zargen, in faɗa ruwa, in nutse in kauce wa harsashi, in yi iyo zuwa gaɓa, in shiga daji, in isa gida. Lissafa matakan nan, sannan ka bi kashi na uku da yatsa. Kusan ɗaya bayan ɗaya suka auku, bisa wannan jeri. Duniya ba ta bin shirin mutum haka tiryan-tiryan. Buri ne kawai yake yin haka.

Lura kuma da yadda dajin yake sauyawa. Da farko aljanna ce: yashi kamar lu'ulu'u da yaƙutu da zumurrudu, itatuwa kamar na lambu, ƙamshin furanni. Can gaba sai hanya miƙaƙƙiya mai faɗi kamar titin birni amma ba sawun kowa, ba gona, ba gida, ko haushin kare babu. Baƙaƙen itatuwa sun yi bango dama da hagu har suka haɗe a ɗigo ɗaya can nesa. Taurari ba waɗanda ya sani ba ne, kuma yana jin raɗa cikin harshen da bai taɓa ji ba. Mutumin da gidansa yake yankin bai san yana zaune a daji irin wannan ba. Ganin da ya fara da faɗi yana tsukewa, kamar yadda numfashi yake tsukewa.

Mataki na 7: Sakin layin da lokacin aikatau ya sauya

Labarin duka cikin shuɗaɗɗen lokaci yake tafiya, sai a ƙofar gida ya koma lokaci mai ci. Hanya mafi sauƙi ta jin nauyin wannan ita ce ka juya sakin layin da Hausa da kanka. Kafin nan za ka yi ta rubuta "ya tafi", "ya ji", "ya duba". Da ka iso nan dole hannunka ya koma "ga shi tsaye a ƙofar gidansa", "tana saukowa", "yana miƙa hannu". Wannan "ga shi" tana kawo abu kusa har ka ji za ka taɓa shi. Wurin da ya fi kowane nisa da gaskiya shi aka ba siffar da ta fi kowace kama da gaskiya. Sai bugu a ƙeya, farin haske, ƙara kamar ta igwa, duhu, shiru. Jimlar ƙarshe ta koma shuɗaɗɗen lokaci da muryar rahoton nan ta farko: ya mutu, wuya a karye, jiki yana lilo a hankali a ƙarƙashin gadar.

Mataki na 8: Daga alamu zuwa jigo, da inda sharhi yake lalacewa

"Lokaci", "gani" da "gaskiya" ba jigo ba ne tukuna, kanun magana ne. Jigo sai ya zama jimla mai da'awa wadda wani zai iya musantawa. Misali: labarin yana nuna cewa yaudarar da ta kashe Farquhar ba a kan gada ta fara ba, a kan bencin gidansa ta fara. Hujjarka tana kashi na biyu. Mutum ne da bai je fagen daga ba, yana ƙishirwar ɗaukaka, yana ganin yaƙi wata dama ce ta yin suna. Ya ga kaki ruwan toka ya ce nawa ne, bai tambaya ba. Baƙon ya gaya masa hukuncin rataya da bakinsa, ya ji amma bai saurara ba. Mafarkin tsirarsa ma irin na jarumin labarin bajinta ne: harsasai suna kuskure, igwa tana kuskure, mata tana jira da murmushi. Bierce, wanda ya ga gawarwakin Shiloh da idonsa, ya ba mai karatu irin labarin yaƙin da yake so ya ji, sannan ya janye katakon.

Gina kowane sakin layi da abu uku: da'awa, wuri takamaimai a matani, da bayanin yadda wurin ya haifi da'awar. Na ukun shi ake yawan tsallakewa.

Sharhi yakan lalace ta hanyoyi sanannu. Mafi yawa shi ne sake ba da labari. Gwajinsa mai sauƙi ne: in jimlolinka suna farawa da "sai", "daga nan", "bayan haka", labari kake bayarwa, ba nazari ba. Sai cewa marubucin ya yi wa mai karatu ƙarya. Jerin alamunka na mataki na 6 ya rushe wannan, domin duk abin da ake bukata an faɗa. Sai rufe magana da "ashe duk mafarki ne", alhali ciwon wuya da kumburin harshe ba mafarki ba ne, kuma haɗuwar biyun ita ce abin nazari.

Akwai kuma kuskuren tausayi. Karatun farko yana sa ka so mutumin ya tsira, kuma haka aka so ka ji. Amma labarin ya faɗa ƙarara cewa mai bayi ne, mai kishin ɓallewar Kudu, wanda ya yarda a yaƙi komai halas ne. Bayin da ke noma masa gandu ba su da fuska ko murya a labarin, kuma cikin duk abin da idonsa mai kaifi ya gani, har jijiyar ganye, babu ko ɗayansu. Sharhi a kan gani da bai tambayi abin da mutumin ba ya gani ba, ya bar aiki a rabi. Kada kuma ka juya ka mai da sojan Arewa waliyyai: su suka ɗana tarkon, suka aika mai ruɗi, suka rataye farar hula cikin tsari da ladabin fareti.

Na ƙarshe shi ne dogaro da fim. Wani ɗan Faransa, Robert Enrico, ya mai da labarin gajeren fim wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes na 1962, kuma kallonsa yana da amfani bayan ka gama naka aikin. Sai dai fim ɗin ya zubar da waiwayen kashi na biyu, kuma kyamara ba ta da shuɗaɗɗen lokaci ko mai ci, ba ta da "da alama" ko "a ganinsa". In za ka kwatanta su, ɗauki wuri ɗaya tak, kamar bugun agogon nan, ka rubuta abin da kalma ta yi a shafi da abin da sauti da hoto suka yi a madadinta.